Mako na uku a kan ganuwar Amberd: na koma tushe

'Yan uwa masu koyon ƙera ƙananan gine-gine, barkanmu da aiki. Yau mako uku ke nan ina kan siffar Amberd, tsohuwar ganuwar nan ta ƙasar Armeniya, kuma jiya da hannuna na rushe rabin aikin.

Ga inda na kuskure. A kan shimfiɗaɗɗen katako na ɗora ginin, na kewaye shi da katanga mai kauri ɗaya ta ko'ina. Da na ja baya na duba, sai na ga gida ne kawai mai hasumiya, ba wurin da zai gagari mayaƙa ba. Ashe ƙarfin Amberd a ƙasa yake. A jikin dutsen Aragats take, mita 2,300 sama da teku, kan wani tsinin tudu mai kusurwa uku inda kogin Amberd da na Arkashen suka haɗu. Kwazazzabai masu zurfi sun tsare gefe biyu. Ta gefe ɗaya kaɗai mai doki zai iya biyowa, nan ne magina suka toshe da babban gini mai hasumiyoyi kamar rabin da'ira, yadda mai kwari da baka zai hango wanda ya laɓe a gindin bango.

Sai na fara da tudun. Kwali hawa tara na liƙa da gam, na sassaƙa gangaren da wuƙa, na shafe da yumɓu haɗe da garin katako. Ku rufe naku da jiƙaƙƙen tsumma ya bushe a hankali. Shafin farko da na bari a iska kafin asuba ya tsattsage. Dutsen ginin baƙi-baƙi ne, don haka dakakken gawayi na zuba a fentin, ya kuwa yi kyau ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ruwa. Da bututun yumɓu mazauna ganuwar suke janyo shi daga nesa, amma sun san maƙiyi zai iya yanke shi, sai suka yi ɓoyayyiyar hanya mai gangarawa kogi. Da tsinken tsire nake zana ta a jikin gangaren. Duk da wannan dabara, mayaƙan Mongol sun ci wurin a 1236.

Saura cocin da ke kan tudun, wanda basarake Vahram Pahlavuni ya gina a 1026. Kan rufinta mai tsini ne ke ba ni wahala, sau biyu yana karkacewa. Wanda ya taɓa yin irinsa da yumɓu, don Allah ya nuna mini yadda ya tokare shi kafin ya bushe.