Alamar debewa mai fuska biyu

Idan ana so a gane yadda yaren kwamfuta ke karanta lissafi, ni dai ban ga wurin farawa da ya kai alamar debewa ba. Dubi wannan: 7 - -3. Alama ɗaya ce ta fito sau biyu, amma kowace da aikinta. Ta farkon tana tsakanin abu biyu, tana cire wani daga wani. Ta biyun kuwa lamba ɗaya tak ta riƙe, ta mayar da ita ƙasa da sifili.

A manhajar da ke karanta yaren, sashen farko da ke yayyanka rubutu gunduwa-gunduwa babu ruwansa da wannan bambanci, shi dai ya ga alama ya miƙa gaba. Nauyin yana kan sashe na biyu, wanda nake kira mai warwara, wato mai karɓar guntayen ya ɗinke su su zama jimla. Kuma tambaya ɗaya yake yi wa kansa a kowane mataki: yanzu ƙima nake jira, ko alama? A farkon jimla, ko bayan buɗe baka, ko bayan wata alamar tsakiya, ƙima yake jira, don haka duk alamar da ta faɗo masa a nan ta gaba ce, mai hannu ɗaya. In kuwa lamba ya gama karantawa, ko suna, ko rufe baka, wadda ta biyo baya ko dai ta tsakiya ce mai hannu biyu, ko ta baya irin ++ da ke cikin i++.

Masanin kwamfuta Vaughan Pratt ne ya tsara wannan tunani a wata takarda da ya fitar a 1973. Ya ba kowane guntu hali biyu, ɗaya idan babu komai a hagunsa, ɗaya idan akwai, ya kira su nud da led. A ƙaramin yaren da nake ginawa tsarinsa na bi: jeri biyu ne kawai, kuma alamar debewa tana cikin kowanne.

Daga nan sai batun fifiko. Kowace alamar tsakiya na ba ta lamba, ƙarfin riƙonta ke nan: tarawa 10, ninkawa 20. A 2 + 3 * 4, ukun nan tana tsakiya kamar igiyar da mutum biyu ke ja, wanda ya fi ƙarfi shi zai tafi da ita. Ninkawa ta yi nasara, amsa 14. To idan ƙarfi ya zo daidai fa? A 10 - 4 - 3 ta hagu ce ke ɗauka, shi ya sa ake samun 3 ba 9 ba. Amma a yaren Python, inda ** ke nufin ninka lamba da kanta (3 ** 2 shi ne 3 * 3), 2 ** 3 ** 2 daga dama ake fara shi, ya ba da 512. A tsarin Pratt, rage ɗaya kawai ake yi daga ƙarfin alamar lokacin karanta abin da ke damanta, shi ke nan ta karkata dama.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne suka zauna suka yanke, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Rubuta -2 ** 2 a Python, za ka samu -4. Rubuta wannan lissafin a Excel, wato =-2^2, 4 za ka gani. Yaren JavaScript da ya samu alamar ** a 2016 cewa ya yi ba da shi ba: sai ka sa baka, in ba haka ba ya ce ka yi kuskure. Ni wannan ya fi kwanta mini a rai, domin gara a tsayar da kai tun a bakin ƙofa da a miƙa maka amsar da ba ita kake nufi ba. Smalltalk ma bai san wani fifiko tsakanin tarawa da ninkawa ba, daga hagu yake bi, 2 + 3 * 4 a wurinsa 20 ne.

Yaren C na da tabonsa. x & 1 na nuna ko x na rabuwa biyu daidai, amma x & 1 == 0 ba ya duba hakan, domin alamar gwada daidaito == ta fi & ƙarfi, kullum sifili ake samu. Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiro C, da kansa ya bayyana dalili: kafin a ƙirƙiro &&, da & ake haɗa sharuɗɗa, sai aka bar ta a matsayinta don kada sauya tsofaffin manhajoji ya yi wahala.

Akwai kuma inda tambayar nan ta "me nake jira?" ba ta wadatarwa. A C, (x) - y debewa ce idan x sunan ƙima ne. Amma idan x sunan nau'in ƙima ne da aka yi da typedef, wato umarnin raɗa wa nau'i sabon suna, to -y ake juyawa zuwa wannan nau'in, alamar ta koma mai hannu ɗaya. Dole mai warwara ya leƙa jerin sunayen da aka riga aka ayyana kafin ya yanke hukunci. Swift kuwa tazara yake dubawa: a - b da a-b duk debewa ce, amma a -b, mai tazara a hagu kawai, alamar gaba ce a wurinsa, sai ya ga ƙima biyu jere babu abin da ya haɗa su, ya ƙi karɓa.