Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Larabcin Mai Wake

Makon jiya na tsaya inda muka sauka Alƙahira, aka kai mu Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar.

Washegari yunwa ta fitar da ni. Ku tuna, na baro Kano da littafin nahawun Larabci na Ajurumiyya a ka, na haddace fiye da rabin Alfiyyar Ibn Malik, ita ma ta nahawu, a zauren malamina, don haka ina ji da kaina. Na tsaya gaban mai ful, dafaffen waken da suke karya kumallo da shi, na gyara murya na nemi "khubz", wato burodi, da cikakken i'irabi (wasulan ƙarshen kalma irin na Larabcin littafi), har da tanwini. Mutumin ya ajiye ludayi, ya ƙare min kallo, ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Duk layin aka kwashe da dariya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani ɗan Damagaram da ya shekara huɗu a can ya ja ni gefe. "Ƙanena, nan aish ake ce wa burodi. Jimun ɗinka ka mayar da shi ga, ƙafun kuma ka haɗiye abinka."

Na yi watanni ina ƙullace da Misirawa, a ganina sun ɓata harshen Alƙur'ani. Wanda ya kwance min wannan ƙulli malaminmu ne na fiƙihul luga, wato ilimin asalin harshe, wani dattijo mai yawan tari. Da na kai masa ƙorafi sai ya tambaye ni, "Ɗana, Sibawaihi ɗan wace ƙabila ne?" Na yi shiru. Ashe wannan babban malamin nahawun Larabci Bafarishe ne, a Basra ya yi karatu wurin Khalil ɗan Ahmad. Mai Ajurumiyyar tawa ma Baberbere ne daga Fas, ya rasu a 1323 Miladiyya. Ya ce nahawu ya taso ne bayan Larabawa sun cakuɗu da wasu al'ummu a Basra da Kufa, har malamai suka riƙa shiga sahara suna rubuta magana daga bakin makiyaya, kuma tun lokacin ƙabilu ba bakinsu ɗaya ba. Wannan "ga" da nake rainawa tsohon furuci ne. Ana jin sa a sassan Yaman da Oman, kuma Ibrananci, ɗan'uwan Larabci, gamal yake kiran raƙumi, wanda Larabcin littafi ke kira jamal.

Gaskiya ban ji daɗi ba a ranar, don an taɓa min girman kai. Amma da safe na sayi ƙaramin littafi na koma wurin mai wake. Duk kalmar da ya jefa wa masu saye sai in rubuta, da dare in bi ƙamus ina neman asalinta. Shi kuma ya laƙaba min Shehu Tanwini, yana ƙara min rabin ludayi kyauta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na je neman ruwaƙin Barnawa, wato tsohon sashen ɗaliban Barno, a masallacin Azhar.