Shin yawan ibada yana buɗe wa mutum idon ganin ɓoye?

Akwai wata gwaggona, Allah Ya jiƙanta, wadda ba ta wasa da sallar dare, kuma kowa a gidanmu ya yarda cewa mafarkinta ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na tuna wata safiya da ta share ɗakin baƙi, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ce a ƙara tsaba a tukunya domin akwai mai zuwa. Kafin la'asar sai ga ƙanen mahaifina ya yi sallama, bayan shekara shida ba a ji ɗuriyarsa ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko ibadarta ce ta ba ta wannan baiwa.

Musulunci bai ƙaryata irin wannan ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafarki nagari yanki ɗaya ne daga yanki 46 na annabci, malamai kuma sun yi dogon bayani a kan firasa (basirar gane abin da bai bayyana ba) da ilhami da karama. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya rubuta cewa Allah Ya yaye masa hijabi daga ganinsa yana ɗan shekara 36. Sai dai malaman sun ɗauki wannan a matsayin kyauta wadda Allah ke bai wa wanda Ya so a lokacin da Ya so, ba su taɓa lissafa shi cikin sana'o'in da ake koyo kamar ƙira ko saƙa ba. Aya ta 65 a Suratun Namli ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, hadisin Muslim kuma ya gargaɗi mai zuwa wurin ɗan duba da rashin karɓar sallarsa ta kwana 40. Har ma malaman sun ce abin mamaki yakan bayyana a hannun fasiƙi, suka kira shi istidraji, wato talala.

Turawa sun bi ta hanyar gwaji. A shekarun 1930, J. B. Rhine na Jami'ar Duke a Amurka ya riƙa sa mutane su faɗi alamar da ke kan kati ba tare da sun gani ba. Katunan 25 ne masu alamomi iri 5, saboda haka ko mai canki-canka zai dace da kusan 5. Daga baya Gertrude Schmeidler ta raba waɗanda ake gwadawa gida biyu, ta kira waɗanda suka yarda da abin tumaki, masu shakka kuma awaki, ta ba da rahoton cewa tumakin sun ɗan fi dacewa. Tazarar ƙanƙanuwa ce, masana da yawa ba su gamsu da ita ba, kuma abin da ta auna shi ne yarda da wannan baiwa, ba riƙon addini ba. Gwamnatin Amurka ma ta shafe fiye da shekara 20 tana gwada masu da'awar hangen abin da ke nesa, ta rufe shirin a 1995 bayan an tantance cewa bai samar da bayanan sirri masu amfani ba.

Abin da na gamsu da shi shi ne, imani yana gyara hankali da kulawar mutum, yana kuma ba shi sunan da zai kira abin da ya ji: sufi ya ce kashafi, wato yaye hijabi, ɗan bori ya ce iskoki ne suka faɗa masa, fasto ya ce wahayi. Gwaggona mace ce mai natsuwa wadda ta san halin kowa a dangi, ta kuma san cewa lokacin kaka ne matafiya suka fi waiwayar gida. Na kuma tuna, ko da yake ba a son faɗa a gidanmu, cewa akwai ranakun da ta shimfiɗa tabarmar nan babu wanda ya zo, aka naɗe ta da dare ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga masu tallar laƙanin buɗe ido a Facebook, suna karɓar kuɗin bayin Allah da alkawarin kashafi cikin kwana bakwai. Gwaggo ta yi shekaru tana tsayuwar dare, ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kan mafarkinta ba, kuma idan aka tambaye ta yadda ta sani, abin da takan ce kawai shi ne Allah ne masani.