Takardar tuhumar da na daɗe ina gudu

A shekarata ta biyu ina shugabantar sashen ajiyar kaya a wani kamfani da ke Bompai a Kano, akwai wani dattijo a ƙarƙashina da kullum sai an rufe littafin sa hannu yake isowa. A haife ya haife ni, Baba nake ce masa. Nakan tare shi a bakin sito in ce, "Baba, a daure a riƙa fitowa da wuri." Ya ce, "To, insha Allahu." Washegari sai a maimaita. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, kuma nauyinsa da nake ji ya hana ni rubuta masa komai, don a ganina miƙa wa sa'an mahaifina takarda cin fuska ne.

Sai da manaja ya matsa sannan na rubuta takardar tuhuma, wadda a ofis muke kira kweri. Na jera ranaku tara da ya makara, kowace da lokacinta, na ba shi awa 48 ya amsa.

Amsar ta zo layi huɗu, haɗe da kwafin takardar ɗaukarsa aiki. A cikinta ƙarfe 8:30 aka rubuta masa. Mu kuwa 8:00 muke rufe littafi, tun wani sauyi da aka yi kafin zuwana, wanda ba a taɓa sanar da tsofaffin ma'aikata a rubuce ba. Duk maganar da nake masa a bakin sito, shi ya ɗauka alfarma nake roƙo. Wata shida ina yi wa mutumin nan kallon mai sakaci, har na soma faɗa wa manaja haka. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin kunyar da na ɗauka girmamawa ce ita ta hana shi kare kansa.

Daga baya na zauna na karanta ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, na ga tsarin ke nan a can: a sanar da ma'aikaci laifinsa a rubuce, a ba shi wa'adin amsawa, sannan a duba ko gargaɗi ya dace ko abin da ya fi shi. Haƙƙin a saurari mutum kafin hukunci yana cikin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma tun gyaran 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron rikicin aiki. A can takardu ake dubawa, "ai na sha gaya masa" ba ta da nauyi sosai.

Na rubuta wata takarda na janye tuhumar, na sa a fayil ɗinsa kusa da ta farko, na kai masa kwafi da hannuna na ba shi haƙuri. A makon aka rubuta wa duk tsofaffin ma'aikata sabon lokacin shiga, kowa ya sa hannu. Baba ya soma isowa takwas saura kwata.