Bikin Agata a Kataniya

Jama'a, shekara ta uku kenan ina Kataniya a tsibirin Sisili amma sai bana na fito na kalli bikin Agata, waliyyiyar Kiristocin garin, da idona, daga 3 zuwa 5 ga Fabrairu gari ya cika makil ba wajen sa ƙafa. Maza sanye da farar riga da baƙar hula suna jan keken azurfa mai ɗauke da mutum-mutumin Agata da dogayen igiyoyi, wasu kuma ɗauke da kyandir wanda ya kai tsayin mutum a kafaɗa, kakin yana ɗiga har sai an zuba dusar katako a titi kar mutane su zame, ni kam na kusa shan ƙasa sau biyu.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce ta ba ni labarin. Wai Agata budurwa ce ta ƙi auren gwamnan Rumawa Kintiyanus, ta ce ba za ta bar addininta ba, sai ya sa aka yanke mata nono, ta rasu a kurkuku a shekarar 251 zamanin sarki Desiyus. Sun ce da shekara ta zagayo dutsen Etna ya yi aman wuta, aka fito da mayafinta wutar ta tsaya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne kek ɗin da suke sayarwa, fari mai siffar nono da jan ɗan itace a sama. Na yi ta jin kunyar saya wallahi. Tsohuwar dai ciwon dajin nono ta yi, da muka isa gaban keken azurfar sai na ga tana hawaye.