Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Makon jiya mun tsaya a kan maganar Baffa, Allah ya jiƙansa, cewa ruwa ba ya tsami banza. Da ita nake amsa wa 'yan gidanmu masu cewa, "Kai da ke Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a bazara, mi za ka yi da karatun sanyi?" Har yau Yaya bai janye wannan magana ba.

To, ga karatun: abin da masana fiziks ke kira "quantum Hall effect", wato yadda ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki, ke tafiya cikin tsananin sanyi da maganaɗisu mai ƙarfi. Ana ɗora wasu sinadarai biyu, galiyom asenaid da aluminiyom galiyom asenaid, ɗaya bisa ɗaya a yi ɗan faifai, sai ilektiron su taru tsakaninsu a wata siririyar shimfiɗa. Gaba da gefe suke iya zuwa, babu sama babu ƙasa. A narka ɗigon ƙarfen indiyom a gefunan faifan, a ɗaura wayoyi, a tsoma shi cikin ruwan heliyom mai sanyin kelbin 4.2 (wajen digiri 269 ƙasa da sifili), a zuƙe tururin don sanyin ya ƙaru. Sannan a kunna maganaɗisu yana ratsa faifan a tsaye, ana ƙara ƙarfinsa sannu a hankali. Turjiyar gefe, wato turjiyar lantarki da ake aunawa daga gefe guda na faifan zuwa ɗayan, ba ta hawa a miƙe, hawan matakala take: ta tsaya cak a om (ma'aunin turjiya) 25,812.807 a raba da 1, 2 ko 3, ta tsawo kuwa ta faɗi kusan sifili. Klaus von Klitzing ne ya gano haka a Grenoble ta Faransa a 1980, da faifan silikon.

Ɓarna daga wutar da ake turawa take farawa. In ta yi yawa, ilektiron su ɗau zafi, matakalar ta rushe, sai a ɗora wa na'ura laifi. Ba banza ba, in ji Baffa. Faɗin matakalar ma ɗan dattin cikin faifan ne ke kawo shi, don shi ke riƙe wasu ilektiron wuri guda.

Amma sai da faifai ya ƙara tsabta Tsui, Störmer da Gossard suka ga mataki na 1/3 (inda ake raba lambar nan da 1/3 maimakon 1, 2 ko 3) a 1982, da ƙarfin maganaɗisu wajen tesla 15. A nan ilektiron sun zama wani irin ruwa, cajin da ke motsi cikinsa sulusin na ilektiron guda ne. Laughlin ya bayyana dalilin a 1983. Ƙasa da mataki na 1/5 kuwa ilektiron daskarewa suke, kowane a gurbinsa.

Zancen mataki na 5/2, da abin da Yaya ya faɗa ranar sunan autarsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.