Yadda Nake Duba Siririn Ƙashin Ƙwauri

A ƙaramin asibitinmu na ƙauye a yankin Ringim babu na'urar hoton ƙashi, don haka yatsu ne ke aikin. Duk wanda aka kawo da gurɗewar idon sawu, ko daga babur ya faɗo ko amalanke ya taka shi, ba kumburin nake fara taɓawa ba. Daga gwiwa nake farowa.

Ƙasusuwa biyu ne a ƙwauri. Babban ne ke ɗaukar nauyin jiki. Siririn na waje, wanda likitoci ke kira fibula, aikinsa riƙe tsokoki da tokare idon sawu. Kansa ɗan ƙullutu ne a gefen gwiwa ta waje, ƙasa kaɗan. Nan tsokar bayan cinya take ɗamfare; a sa mutum ya lanƙwasa gwiwa, za a ji agararta kamar igiya. Cikin tsokoki 9 da ke manne da ƙashin, ita kaɗai ke jan sa sama.

A wuyan ƙashin, daf da kan, wata jijiya mai kai saƙon motsi da jin taɓi ke zagayawa, fata kawai ta rufe ta. Idan mai ɗori ya jera kara ya ɗaure tamau har wurin, ko mu muka naɗa filasta ba isasshiyar auduga, jijiyar ta matsu, sai ƙafa ta saki. Mutum ya kasa ɗaga ta, yana tafiya yana jan yatsu a ƙasa, bayan ƙafar kuma ba ya jin taɓi. Dogon tsugunno a gona ma kan jawo haka. Shi ya sa kafin ɗauri da bayansa nake cewa, "Baba, ɗaga babban ɗan yatsa mu gani."

A gefen ƙwauri na waje akwai tsokoki biyu, doguwa da gajera, agarunsu na bi ta bayan idon sawu. Doguwar ta ratsa tafin ƙafa zuwa ɓangaren babban yatsa, gajerar ta tsaya a gindin ƙashin da ke kaiwa ga ƙaramin yatsa. Wurin kan ɓalle idan ƙafa ta gurɗe ciki, a yi ta murza shi ana cewa targaɗe ne.

Daga nan sai in latsa bayan idon sawu har santimita 6 sama. In ya zabura, ko ya kasa taku 4, in tura shi hoto. In zafin na kusa da gwiwa, nakan rubuta a ɗauki ƙwaurin gaba ɗaya, domin murɗewar idon sawu kan karya ƙashin can sama.